Filash da Rana Tsaka: Gishiri Ne, Ba Miya Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ango da abokansa a ƙofar masallaci bayan ɗaurin aure ya san wannan damuwar. Rana na tsakiyar kai, farar shadda na kashe ido, amma inuwa ta kwanta a ramin idanu da ƙarƙashin haɓa. In ka ƙara haske don fuska ta fito, aikin wuyan riga ya ɓace fat. In ka bi riga, fuska ta dushe. Maganin shi ne filash, wanda da yawanmu ke ajiyewa sai dare.

Hoto irin wannan haske biyu ne a kwano ɗaya, kuma kowanne da linzaminsa. Walƙiyar filash gajera ce ƙwarai, sau da yawa ba ta wuce kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Shi ya sa saurin ƙiftawar kyamara bai shafe ta ba, hasken rana kaɗai yake ragewa ko ƙarawa. Faɗin idon kyamara da ISO kuwa duka biyun suke taɓawa.

Don haka a fara da rana. Ka kashe filash, ka saita kyamara har sararin sama da shaddar su fito da kamanninsu. Sannan ka kunna shi da ƙaramin ƙarfi, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har inuwar fuska ta yi laushi. Kada a kore ta gaba ɗaya, domin inuwa ce ke ba fuska siffarta.

Akwai iyaka. Yawancin kyamarori ba sa tafiya daidai da filash in ƙiftawa ta wuce 1/200 ko 1/250, sai baƙin layi ya ratsa hoton. Nisa ma yana cin haske: wanda ya koma mita 4 daga mita 2, kwatan hasken kawai zai same shi. Matsowa ta fi ƙara ƙarfi.

A kula da launi kuma. Hasken filash yana kusa da na rana tsaka, wajen kelbin 5,500. Dab da magariba, lokacin da gari ya yi ja, sai a rufa masa leda mai ruwan lemo don kada amarya ta fito fara fat kamar ba a wurin take ba.

In mai kallo ya ce "an sa filash", gishiri ya yi yawa. In ya ce "kai, ango ya yi kyau", aiki ya yi.