Sayen kirifto ba tare da tantancewa ba: me yake ɓoyewa, me yake bari a fili?

A Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna, hanya mafi sauƙi ga mai son sayen kuɗin kirifto na 'yan dubban naira ita ce ciniki tsakanin mutum da mutum. Mai saye zai tura naira zuwa asusun wani, ko ya miƙa tsabar kuɗi, shi kuma a turo masa USDT ko ɗan gutsuren Bitcoin cikin wayarsa. Ba a neman hoton fuska, ba a neman lambar NIN. Ɗalibin reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko manomin citta a Kwoi da ke son adana ribarsa a wani abu mai bin darajar dala, na iya ɗauka cewa babu wanda zai san ya saya. Lamarin ba haka yake ba.

Wannan salon ciniki ya bunƙasa ne bayan 5 ga Fabrairu 2021, lokacin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Bankin ya janye haramcin a Disamba 2023, amma a Fabrairu 2024, sa'ad da naira ke ta faɗuwa, gwamnati ta zargi dandalin Binance da hannu a ciki, ta kuma tsare jami'ansa biyu. A watan Maris dandalin ya daina mu'amala da naira. Wani ɓangare na cinikin ya koma zaurukan WhatsApp da Telegram.

Sai dai naira da aka tura ta banki ko ta manhajar waya tana tafiya ne da sunan mai ita. Tun Disamba 2023 CBN ya ba da umarnin a haɗa ko da mafi ƙanƙantar asusu da lambar BVN ko NIN. A ɗaya ɓangaren kuma, kundin da ke adana cinikin Bitcoin da USDT a buɗe yake ga kowa: adadi, lokaci da adireshin da aka tura wa duk suna nan, ba sa gogewa. Suna ne kaɗai babu, kuma da zarar an danganta adireshi da asusun banki sau ɗaya, mai bincike na iya bin sawun sauran.

Haɗarin ya fi fitowa ranar sayarwa. Wanda ya karɓi naira daga baƙo ba shi da hanyar sanin ko kuɗin na damfara ne ko na fansa, abin da ba ƙaramar magana ba ce a yankin da ya sha fama da garkuwa da mutane. In aka bi sawun kuɗin, asusunsa ne za a fara dakatarwa. A Afrilu 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta bai wa hukumar EFCC izinin dakatar da asusu 1,146 bisa zargin haramtaccen cinikin kuɗin waje da halatta kuɗin haram.

Abin da mai saye ya rasa a zahiri shi ne wurin kai ƙara. A dandali mai tsari, kamfanin yakan riƙe kirifto a hannunsa har sai ɓangarorin biyu sun tabbatar an biya. A zauren waya kuwa dole wani ya fara turawa bisa amana, kuma kirifto in ya tafi ba ya dawowa. Ana samun saƙon biya na bogi, ana samun kuɗin jabu mai ɗauke da sunan USDT. Waɗanda suka zuba dukiya a CBEX, wanda ya rushe a Afrilu 2025 ba shi da rajista da hukumar SEC, sun ga ƙarshen irin wannan amana.

Doka ba ta haramta mallakar kirifto ba. Dokar zuba jari da hannayen jari da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Maris 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar SEC, wadda tun Agusta 2024 ta bai wa Busha da Quidax amincewar farko. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 kuma ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni sanin abokin hulɗarsu, shi ya sa suke neman shaida.

Fargabar miƙa bayanai ba ta rasa dalili, domin bayanan jama'a kan ɓalle su faɗa hannun 'yan damfara. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta bai wa mutum damar tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, da kuma kai ƙorafi ga hukumar NDPC in an yi sakaci da shi. Dillalin Telegram da aka tura wa rasit mai ɗauke da suna da lambar asusu shi ma ya riƙe waɗannan bayanai, kuma sau da yawa ba shi da ofis ko adireshin da za a same shi.