Sanatan da Ya Dafa Dutse: Abin da Kundin Ƙuri'un William Proxmire Ya Ajiye

Ranar 11 ga Janairu, 1967, wani sanata daga jihar Wisconsin ya miƙe a zauren Majalisar Dattawan Amurka ya ɗauki alkawari a gaban takwarorinsa. Ya ce daga ranar nan, duk sa'ad da majalisa ta zauna zai tashi ya yi magana a kan yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi, kuma ba zai fasa ba sai an amince da ita. Sunansa William Proxmire. Ya cika alkawarin, sai dai cikawar ta ci masa shekara 19 da jawabi 3,211, da yawansu a zauren da kujerunsa suka fi mutanensa yawa.

Shigowarsa majalisar ma da naci ta zo. Sau uku ya nemi kujerar gwamnan Wisconsin a jam'iyyar Dimokurat, a 1952 da 1954 da 1956, sau uku yana shan kaye. Da Sanata Joseph McCarthy ya mutu a 1957, mutumin da ya yi ƙaurin suna wajen shafa wa jama'a kashin kaji da zargin kwaminisanci, sai Proxmire ya ci zaɓen cike gurbi a watan Agusta na shekarar. Yana kan kujerar har Janairun 1989.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda ake kaɗa ƙuri'a a wannan majalisa. Akwai ƙuri'ar murya, wadda masu goyon baya da masu adawa ke ɗaga murya a jimlace, mai jagorantar zama ya yanke hukunci da kunnensa. Akwai kuma kiran suna: akawu ya bi sunayen sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa, a rubuta. Tsarin mulkin ƙasar ya ce idan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaune suka nema, dole a shigar da matsayin kowa cikin kundi. Daga Afrilun 1966 zuwa Oktoban 1988, an yi irin wannan kira sau 10,252 a jere, Proxmire bai rasa ko ɗaya ba. Kafin shi, wadda ake buga misali da ita ita ce Sanata Margaret Chase Smith ta jihar Maine, mai ƙuri'a 2,941 a jere.

To amma zuwa aiki daban, aikin daban. Mutum na iya amsa sunansa shekara ashirin bai tsinana komai ba. Abin dubawa shi ne inda ƙuri'un suka faɗa, kuma a nan ne kundin Proxmire ya nuna alƙibla guda: kare aljihun talaka daga mai ba da bashi, da kare baitulmali daga masu facaka. Shi ya ɗauki ƙudurin da Sanata Paul Douglas ya fara, ya kai shi gaci a 1968, dokar da ta tilasta wa mai ba da rance ya bayyana wa mai karɓa ainihin kuɗin ruwan da zai biya. A 1971 ya jagoranci yaƙin da ya sa majalisa ta yanke tallafin gwamnati ga aikin ƙera jirgin fasinja mai gudun da ya wuce na sauti. A 1977, yana shugaban kwamitin harkokin banki, ya tsaya kai da fata sai da aka yi dokar da ta haramta wa kamfanonin Amurka ba jami'an ƙasashen waje cin hanci, bayan tonon asirin kamfanin jirage na Lockheed. Wannan doka ta taɓo Najeriya: da ita aka kama kamfanonin KBR da Halliburton a kan kwangilar iskar gas ta tsibirin Bonny, suka amince su biya dala miliyan 579 a 2009.

Abin da ya ba shi bakin magana shi ne bai ci bashin kowa ba. A zaɓukansa biyu na ƙarshe, 1976 da 1982, ya ƙi karɓar gudummawar kamfe, abin da ya kashe a kowanne bai kai dala 200 ba, kuma ya yi nasara.

Kundin da ya adana alherinsa bai rufa masa asiri ba, kuma wannan ne amfanin kundi. A farkon yaƙin Biyetnam yana cikin masu mara wa gwamnati baya, daga baya ya juya. Masu sukarsa sun daɗe suna nuna cewa mai yaƙi da ɓarnar dukiya bai taɓa wasa da tallafin da ake ba masu samar da madara ba, sana'ar da jiharsa ta shahara da ita. Laifi tudu ne. Sai kuma lambar da ya ƙirƙiro a 1975 mai suna Golden Fleece, wadda yake liƙa wa duk hukumar da ya ga ta zubar da kuɗin jama'a a banza. Lambar ta sa ma'aikatu shiga taitayinsu, amma ta raunata masana da dama waɗanda bincikensu ke da amfanin da sanatan bai tsaya ya fahimta ba. Ɗaya daga cikinsu, Ronald Hutchinson, ya kai shi ƙara. A 1979 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rigar kariyar ɗan majalisa ba ta rufe abin da ya raba wa manema labarai a waje da zaure ba. Proxmire ya nemi afuwa, ya biya dala 10,000.

Mu koma kan yarjejeniyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 9 ga Disamba, 1948, bayan faɗi-tashin lauya Raphael Lemkin, wanda ya rasa danginsa da yawa a hannun 'yan Nazi. Shugaba Truman ya aika ta Majalisar Dattawa a 1949, inda ake buƙatar kashi biyu cikin uku. A nan ta kwanta. Wasu na cewa za ta tauye 'yancin ƙasa. Sanatocin kudu kuwa suna fargabar a yi amfani da ita a kan yadda ake gallaza wa baƙar fata, balle da masu fafutuka suka kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙorafi a kan haka a 1951. Proxmire ba shi da rinjaye. Abin da yake da shi shi ne 'yancin miƙewa kowace safiya, sai ya hana maganar mutuwa. Ranar 19 ga Fabrairu, 1986, aka kira sunaye: 83 suka amince, 11 suka ƙi. Dokar aiwatarwa, wadda ke ɗauke da sunansa, Shugaba Reagan ya sa mata hannu ranar 4 ga Nuwamba, 1988.

Nasarar ba cikakkiya ba ce. An ɗaure yarjejeniyar da sharuɗɗa, ciki har da cewa ba za a gurfanar da Amurka a Kotun Duniya a kanta ba sai da yardarta. A 1994, ana karkashe Tutsi a Ruwanda, jami'an Amurka suka yi makonni suna kauce wa furta kalmar kisan ƙare dangi. Wannan kaucewa kanta shaida ce cewa kalmar ta yi nauyin da mai mulki ke shakkar ɗauka.

Duk abin da na kawo, na yabo da na suka, ya yiwu ne domin an rubuta. A Majalisar Dattawan Najeriya ƙuri'ar murya ce ta fi yawa, guduma ta sauka, ba a san wa ya ce me ba. Ranar 15 ga Yuli, 2021, da Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a tantance a kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa, aka samu 52 da 28, washegari jaridu suka buga sunaye. A ranar, mai zaɓe ya sami abin tambayar wakilinsa. Mutanen Wisconsin sun sami irin wannan dama sau 10,252 daga mutum ɗaya, suka auna shi da ita, suka riƙa mayar da shi har ya gaji don kansa. Haƙƙin da ya kamata mu nace a kai ke nan: a kira sunan sanatanmu, mu ji amsarsa, a rubuta.