Ƙainuwa, Bado da Kacalla: Gidajen Ƙananan Halittun Ruwa

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun san kirarin "ƙainuwa dashen Allah", amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ɗaga ta su duba ƙarƙashinta. Ni na yi haka tun ina yaro a Gwallaga, cikin garin Bauchi, a wani kududdufi da muke wanka da damina. A jikin saiwarta na ga tsutsotsi da matsattsaku da 'yan dodon koɗi. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne kan yadda tsirran ruwa ke tantance irin halittu marasa ƙashin baya da za su zauna a cikinsa.

Kowane Tsiro da Baƙinsa

Tsiron ruwa yana ba waɗannan halittu abinci da mafaka da wurin saka ƙwai. Bado yana shimfiɗa faffaɗan ganyensa a saman ruwa, dodon koɗi kuwa ya manne a ƙasan ganyen yana kankarar gansakuka, a nan kuma yake saka ƙwai. Ƙainuwa tana yawo ne, saiwarta na reto cikin ruwa. Akwai wani jinsin sauro mai suna Mansonia wanda tsutsarsa ba ta hawowa sama don shan iska. Sai ta huda saiwar ƙainuwa ta riƙa shaƙa daga ciki. Kacalla kuwa a tsaye take, kuma ta jikin irin wannan kara 'ya'yan mazari ke hawowa su saɓule fata su tashi. Ke nan idan tsiron ya sauya, mazauna ruwan ma sai su sauya.

Darasi daga Hadeja da Nguru

Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu sassan fadamun Hadeja da Nguru, wuraren da a da suke bushewa da rani. Kacalla ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya daina gudu kuwa shi ne gidan sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini. A ƙasar Sanagal, wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa cire ciyawar ruwa daga mashigai ya rage kamuwar yara 'yan makaranta da nau'in wannan cuta mai kama hanji.

Kammalawa

Wannan ba ya nufin a tumɓuke kowane tsiro, domin kifi na cin halittun da ke fakewa a ciki, 'ya'yan mazari kuma na cin tsutsar sauro. Abin lura shi ne kada tsiro guda ya mamaye ruwan. Mu kuma namu aikin shi ne mu zauna da masunta mu tattara sunayen waɗannan tsirrai da halittu, domin malamin lafiya ba zai iya faɗakar da mutanen ƙauye kan abin da bai san sunansa da Hausa ba.