Ilimin Kakanninmu da Ilimin Lakkol

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, masu karatun yaƙi da jahilci, yau maganarmu a kan ilimi take. Mutane da yawa a karkara suna tsammani ilimi cikin takarda kaɗai yake. In ka tambayi tsoho, sai ya ce maka: "Ni jahili ne, ban yi lakkol ba." Alhali kuwa tsohon nan ya san ƙasar da ke son hatsi da wadda ke son dawa. Ya san hakin da ke kashe tunkiya. Ya san inda za a gina rijiya a tarar da ruwa. Wannan duka ilimi ne. Rashin iya karatu daban, rashin sani daban.

Ga abin da ya sa muka ɗauko maganar. Yaro yakan yi shekara 6 a lakkol. In bai ci jarrabawa ba, sai ya komo gida. Bai samu aikin buro ba, kuma ya raina hauya. Daga nan sai ya tafi biɗa, gonar ubansa ta rasa mai noma. Su kuma tsofaffi suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi da abin da ya sani. Ka ga an yi hasara biyu.

Yadda ake renon yaro a da

Tun kafin zuwan nasara muna da hanyarmu ta koyar da yara. Yaro yana bin ubansa gandu tun yana ƙarami. Da farko korar tsuntsaye yake yi, sa'an nan shuka, sa'an nan noma. In ya tasa, sai a yanka masa gamana, ya noma ta kansa, ya ga amfanin guminsa. Yarinya tana koyon daka, da kaɗi, da kiwon awaki, da ciniki wajen uwarta. Ɗan maƙeri yana zuga, ɗan masaƙi yana wadari. Da dare kaka tana yin gatana, yara suna koyon wayo da hankali. Malam yana koyar da allo da sanin addini.

Ba sana'a kaɗai ake koyarwa ba. Abin da iyaye ke so shi ne yaro ya zama mutumin kirki: mai gaskiya, mai amana, mai kunya, mai haƙuri, mai girmama na gaba. Kuma aikin na gari duka ne. Shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. A wajen gayya yaro yake gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da masananmu suka faɗa

Akwai wani babban malami na ƙasarmu, Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa, ya ƙware wajen aiki da zafin rana. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi tun 1992. A 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya tana da abubuwa masu kyau. Jama'a duka ke yin ta. Tana haɗe da zaman yau da kullum. Tana gyara jiki da hali da hankali gaba ɗaya. Tana bin shekarun yaro daki-daki. Ya nuna kuma cewa lakkol ta zamanin mulkin mallaka an kafa ta ne don a samu magatakarda da tafintoci. Shi ya sa ya nemi a koyar da yara da harsunanmu.

Amadu Hampate Ba, wani masani Bafillace na ƙasar Mali, ya yi wa duniya gargaɗi a taron UNESCO a 1960. Ya kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da gobarar da ta cinye ɗakin littattafai. A ƙasarmu Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, ya daɗe yana tattara labarun tsofaffi da tsofaffin takardun ajami. A 1968 aka buɗe wata ma'aikata a Yamai don ɗaukar maganar magabata a ajiye ta.

Darasin gawo

Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau. Gawo yana kaɗe ganyensa da damana, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Ganyen da ya zuba taki ne. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sha inuwa, su ci ƴaƴansa, su bar taki a wurin. Tsofaffin Damagaram suna ba da labari cewa Sarki Tanimun ya hana saran gawo, da horo mai tsanani. Daga baya masu bincike suka gano cewa saiwar gawo tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kamar yadda wake da gujiya ke yi.

Amma an yi wani lokaci da aka ce wa manoma gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Doka kuma ta ce itatuwa na gwamnati ne. Mutane suka daina kula da su. Fari ya zo a 1973, ya sake zuwa a 1984. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har mutum ya shuka sau uku ko huɗu. Aka yi ta dasa itatuwan waje, mafi yawansu suka mutu.

A 1983 wani bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, mai aiki a jihar Maraɗi, ya lura da ƴan tsirrai da ke fitowa cikin gonaki. Ashe ba haki ba ne. Kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai. In an zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, aka sassabe sauran, sai icce ya tashi da sauri. Ba saye, ba ban ruwa. Wannan shi ne sassaben zamani. Manoma ne suka san sabara, da kalgo, da gawo, da aduwa, da magariya, suka san wanda za a bari da amfanin kowane. Su ne kuma suka koya wa junansu, gari zuwa gari. A Magariya da Matamai da Mirya mutane da kansu suka koma ga renon gawo irin na kakanninsu. Bayan shekara 20 da ƴan kai, masu bincike suka ƙiyasta cewa an rayar da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta ba manomi iko a kan iccen da ya rena a gonarsa.

Darasin tassa da iri

A ƙasar Adar akwai fako da yawa, inda ruwa ke gudu bai shiga ƙasa ba. A 1989 wasu manoman Illela suka kai ziyara Yatenga, a Burkina Faso. Can suka ga yadda manoma suka gyara wata tsohuwar dabara. Ana gina rami da rani, faɗinsa wajen santimeta 25, zurfinsa wajen 15. A tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa. In ruwa ya sauka sai ya tsaya, ya nutse. Da suka komo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Fakon da aka yar ya koma gona.

Haka zancen iri. Albasar Galmi da ta yi suna a ƙasashe da yawa, manoma ne suka fara zaɓen ta. Jar akuyar Maraɗi da saniyar Azawak makiyaya ne suka rene su. Irin hatsin nan mai saurin nuna da ake kira HKP, daga hatsin manoman Zabarma aka tace shi. Malaman gona sun ƙara nasu sani a kan na kakanni, abin ya yi albarka.

Ba duk abin da ne mai kyau ba

A nan sai mu faɗi gaskiya. Cikin al'adunmu akwai masu cutarwa. Wasu mata suna matse dakashi su zubar, wai nono ne marar kyau. Alhali dakashi shi ne maganin farko na jinjiri, yana kare shi daga cututtuka. Wasu suna yanke cibiya da aska marar tsabta, ko su shafa mata toka ko kashin shanu. Ta nan ciwon da likitoci ke kira tetanos yake shiga, ya sandare jinjiri, ya hana shi kama nono. Irin waɗannan sai a bar su. Ilimin gida kamar hatsi ne a masussuka: a sheƙe, a ɗebi tsaba, a bar wa iska ƙaiƙayi. Na lakkol ma haka za a yi masa.

Maganar harshe

Ilimin gari ba ya shiga aji sai da harshen gari. Yaron da aka fara wa karatu da harshen da ba ya ji, haddacewa kawai yake yi. A 1966 aka yi taro a Bamako, aka tsara baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsuna. A 1973 aka buɗe lakkol ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa, sa'an nan su shiga faransanci. Daga baya aka buɗe na Zabarmanci, da Fillanci, da Barbarci, da Buzanci. Binciken da aka yi ya nuna yaran nan sun fi saurin iya karatu da lissafi, kuma ba su jin tsoron yin tambaya.

Abin da za mu iya yi

Ba sai mun jira Yamai ba. Ga abubuwa huɗu da kowane gari zai iya farawa.

1. Iyayen yara su yi shawara da mushe. A gayyato tsohon manomi, ko maƙeri, ko ungozoma, ya zo aji ya yi wa yara bayani.

2. A ba lakkol ƴar gona. Yara su yi sassaben zamani da tassa da hannunsu. Lissafi ma yana ciki. Hekta guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In tsakanin rami da rami mita guda ce, rami nawa ke nan? Dubu 10. A auna amfanin da dami da tiya, a rubuta, a gwada da na baɗi.

3. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku sayi kaye guda. Ku zauna da tsofaffi, maza da mata. Ku rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu, da irin hatsin garinku, da alamun damana, da tarihin kafa gari, da shekarun yunwa da yadda aka tsira.

4. Ku sa ɗiyanku lakkol, maza da mata, kuma kada ku sallame su daga aikin gida da na gona lokacin hutu.

Ƴan uwa, ku tattauna wannan magana a wurin karatunku. Wane sani ne ke garinku wanda mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka rage da shi? Wa zai rubuta shi bana? Abin da kuka samo, ku ba malaminku ya aiko wa jaridarku, mu buga, sauran garuruwa su amfana. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu damana mai albarka.