Taron da Ba a San da Shi Ba, Wa Zai Sayi Tikitinsa?

Lokacin da muke yara a Mashi, sanin inda za a yi wasa bai taɓa yi mana wuya ba. Mai shela zai zaga ranar kasuwa, da la'asar kuma kalangun mahauta ya tashi, kowa ya san akwai dambe. Yau samarinmu a waya suke neman labari, kuma a nan gizo ke saƙar.

Kwanakin baya na buɗe wata manhajar sayar da tikiti, ina neman abin da zan kai yarana kallo tsakanin Katsina da Daura. Na rubuta "dambe", ba ta ba ni komai ba. Na rubuta "Daura", sai ta jero mini bukukuwan Legas da Abuja. Laifin ba na wayata ba ne, na tsarin neman ne: an gina shi don mai rubuta Turanci, mazaunin babban birni.

Gyaran ba ya bukatar abin mamaki. Ya kamata akwatin nema ya gane cewa "ƙwallo" da "kwallo" abu ɗaya ne, domin ba kowace waya ke da haruffa masu lanƙwasa ba. Ya kuma san kalandar Hijira: Sallar Gani ta Daura a watan Rabi'ul Awwal ake yin ta, kwananta na Miladiyya kuwa yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Sannan ya auna kusanci da hanyar mota, ya nuna wa mutumin Mashi wasan Katsina United a filin Muhammadu Dikko kafin ya nuna masa na Legas. Wanda ba shi da babbar waya kuma a ba shi damar biya da lambar USSD.

Wani zai ce hawan Sallah ai ba a sayen tikitinsa. Gaskiya ne, amma baƙon da ya san ranar shi zai hau mota, ya kama masauki, ya ci abinci, ya biya ya ga rijiyar Kusugu. A 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake adanawa. Masu sha'awa suna nan, hanya suke nema.

Kirana ga matasanmu masu ilmin kwamfuta shi ne, su zauna da masu shirya dambe da kokawa, su tattara ranaku da wurare, su gina mana mai shela na zamani da ke jin Hausa.