Daga Katsina Zuwa Jidda: Nisa Ɗaya, Lokaci Dabam-Dabam

Kowace shekara idan lokacin jigilar alhazai ya zo, tambayar da maniyyata suka fi yi a Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina ita ce: awa nawa za a yi a sama kafin a sauka? Amsar ba ɗaya ba ce, domin nisa ba ya canzawa, amma lokacin tafiya yana canzawa.

Idan aka auna miƙaƙƙiyar hanya daga Katsina zuwa Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wanda aka buɗe a 1981, za a sami kusan kilomita 3,500, wato mil 2,160 ko kusa da haka. Zuwa Madina kuwa kimanin kilomita 3,600 ne. Hanyar takan ratsa sararin samaniyar Jamhuriyar Nijar da Cadi da Sudan, sa'an nan ta ƙetare Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 a awa ɗaya, saboda haka in an haɗa da tashi da sauka, tafiyar awa huɗu da rabi ce, ko ƙasa kaɗan.

Sai dai agogo yakan ruɗi baƙo. Ƙasar Sa'udiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu. Alal misali, jirgin da ya bar Katsina da ƙarfe goma na dare zai isa Jidda wajen ƙarfe biyu da rabi a agogon gida, alhali kuwa can ƙarfe huɗu da rabi ne na asuba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zaman lafiyar ƙasashen da ke kan hanya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan wannan shekara suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin kuɗi, tsofaffi kuma suka daɗe zaune a kujera fiye da yadda aka saba.

Ita dai Sudan tun can ita ce ƙofar Makka ga mutanen ƙasar Hausa. Mutanen da sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur, a ƙasa ko bisa jaki da raƙumi, har su kai Sawakin a bakin teku. Sukan yi shekaru a hanya, suna yada zango su yi noma ko ƙodago don samun guzuri. Da yawa ba su komo ba, zuriyarsu na can har yau.

Tafiyar shekaru ta koma ta awoyi, amma har yanzu abin da ya sami Sudan yakan taɓa aljihun maniyyacin Katsina.