In sandar bitas ta maƙale a kan harafin P

Mota mai sauya bitas da kanta tana da alamomi a jikin sandarta. Haruffa gare ta: P na ajiye mota, R na komawa baya, N na sakin mota, D na tafiya gaba. Wata rana za ku iya tada mota, ku ja sandar, ta ƙi barin P. Kada ku ja ta da ƙarfi. Sau da yawa akwatin bitas lafiyarsa lau, gyaran kuma ba mai tsada ba ne. Ƙarfi shi ke karya abin da bai lalace ba.

Me ya sa take maƙalewa?

Masu ƙera mota sun sa wa sandar wani ɗan kuba da gangan, domin kada yaro ya ja ta mota ta gangara. A Amurka doka ta tilasta sa shi a sababbin motoci tun 2010. Kubar ba ta buɗewa sai an kunna mota, an kuma taka birkin ƙafa. Akwai wani ɗan maɓalli a saman abin taka birki. In kun taka, shi ke kunna jajayen fitilun baya, shi ne kuma ke aika wuta ta buɗe kubar. In wutar ba ta isa ba, sanda ba ta motsi.

Abin da za ku duba

1. Ku ja birkin hannu tukuna.
2. Ku murɗa makulli. In fitilun gaban direba ba su kama ba, ko sun kama dishi-dishi, batir ne ya yi sanyi.
3. Ku taka birki, wani ya tsaya a baya ya duba jajayen fitilu. In ba su kama ba, ko fiyus ya ƙone, ko ɗan maɓallin ya lalace.
4. In fiyus ne, ku sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. In 10 ke rubuce, 10 za ku saya. Kada ku ɗaura waya a madadinsa, tana iya jawo gobara.
5. In a gangare kuka ajiye motar, nauyinta ne ya danne ƙarfen da ke riƙe ta. Ku sa dutse a taya ta wajen gangaren. Direba ya zauna a mazauninsa, mutane su tura motar kaɗan wajen tudu, sannan ya taka birki ya ja sandar.

In duk wannan bai yi ba

A motoci da yawa akwai wani ɗan rami mai murfi kusa da sandar. Ku tabbata birkin hannu yana jaye, ƙafarku kuma tana bisa birki. Ku cire murfin, ku sa bakin makulli a ramin, ku danna. Kuna dannawa, ku kai sandar a kan N. Mota tana tashi a kan N.

Wannan dabara ta fitar da ku daga matsala ce kawai, ba gyara ba ce. Ku wuce gareji a ranar. In fitilun birki ba su aiki, na bayanku ba zai san kun tsaya ba. Ku tafi a hankali, kuma kada ku yi tafiyar dare.

Rigakafi

Duk lokacin da za ku ajiye mota, ku taka birkin ƙafa, ku ja birkin hannu, sannan ku kai sandar a kan P. Ku kiyaye zubar da shayi ko lemo a gindin sandar, domin sukari da ƙura suna sa ta danƙarewa. Sau ɗaya a mako, ku sa wani ya duba muku fitilun baya.